Inna Ta Je Ɗibar Ruwa a Garin Kawu Liman

Ladan bai kai ƙarshen kiran assalatu ba muka gama ɗaure kaya. Ana sallame sallar asuba muka tashi, ni da mahaifiyata, da wani tsohon mahauci maƙwabcinmu, sai buhun gyaɗa guda da tulin sautun mutanen kambonmu, wato 'yar unguwarmu ta Hausawa da ke bayan Managil. Ku da kuka dame ni da tambaya tun da na dawo, a gona da bakin kasuwa, to ga labarin nan gaba ɗaya, don na gaji da ba da shi gutsi-gutsi.

Ta'aziyya ce ta fitar da mu. Kawuna, yayan Inna uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne limamin wani ƙauyen Hausawa a bakin kogi, can gaba da Damazin. Allah ya yi masa rasuwa da farkon damina, labari bai iso mu ba sai da dawa ta kai gwiwa. Kun kuwa san lakar ƙasar nan, in ruwa ya sauka ko lorin gwamnati ne sai ya durƙusa. Dole muka haƙura har ƙasa ta bushe, aka yanke dawa, muka ce bari mu je mu dawo kafin auduga ta buɗe baki.

Sai dai Inna ba ta'aziyya kaɗai ta sa a gaba ba. Tun ranar da labarin ya zo ta kafe a kan abu ɗaya: sai ta je ta ga kabarin yayanta da idonta, ta yi masa magana. Mu kuwa a wurinmu mace ba ta shiga maƙabarta, kuma a duk faɗin Jazira ban san wanda ya kai shi mamacin tsananta wannan doka ba. Kawu mutum ne mai sauƙi a komai, ban da nan. Ya ƙi jinin kururuwa da birgima a kan gawa, ya ce mamaci addu'a yake so, ba a cika masa kunne ba. Na yi wa Inna bayani, na lallaɓa, na ɗaga murya, na sake lallaɓawa. Ta dube ni ta ce, "Uwata ta tahi, ban ga inda anka aje ta ba. Ubanka ya tahi, ban gani ba. Ɗiyana biyu sun tahi, ban gani ba. Wanga shi kaɗai ya rage mini a duniya, kuma sai na gani. In ba ka kai ni, ƙahwata ta san hanya." Da wannan fargabar na hau lori, don na san Inna, na kuma san mutanen Kawu ba za su taka maganarsa ba.

A tashar Managil direban, wani Balarabe mai faɗin gashin baki, ya ga tsufan Inna ya buɗe mata gaba yana cewa, "Fadal, ya Haja," wato bismilla, Hajiya. Inna da ko Sawakin, inda alhazai ke shiga jirgin ruwa, ba ta taɓa gani ba, ta gyara lulluɓi ta shiga, ba ta gyara masa ba. Ni da Baba mahauci aka cilla mu can sama a kan buhunan albasa. Wanda bai taɓa zama a kan albasa daga Managil zuwa Madani ba, kada ya zo yana ba ni labarin wahala. Hanya kuwa babu ita, gaɓar tur'a ce kawai lori ke bi, babbar magudanar nan da ke raba wa gonaki ruwa. Hagu auduga, dama auduga, ƙasa shimfiɗe ba tudu ba itace, sai balbelu da suka yi fari fat a bakin ruwa, sai wani mai gadin ruwa jefi-jefi a kan jaki yana ɗaga mana hannu.

A kan albasar nan Baba mahauci ya buɗe bakinsa, bai kuwa rufe ba har muka dawo gida. Tare da Kawu suka taso daga yamma suna yara, a bayan jakunan iyayensu da suka ɗauko niyyar Makka, guzuri ya ƙare a Jazira aka tsaya tsinkar auduga don a ƙara, ana nan ana ƙarawa har yau. Ya ce, "Kawunka Allah ya san dalilin da ya ba shi karatu. In anka ba shi kunya guda ya nome, sai ya hwara a gonar ubanshi ya ƙare a gonar maƙwabci." Ya ce da Kawu ya zama liman, kullum la'asar sai ya biyo ta tukubarsa, wai ya zo sa wa nama albarka, kuma albarkar ba ta kamawa sai ya ɗanɗana tsinke biyu. Muka yi ta dariya har wani Bafulatani da ke kusa da mu, wanda bai san mamacin ba, ya shiga taya mu.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na gajarta salla. In dawa ta fitar da kai, tsuntsu ya sauka, Kawu ba ya wuce gajerun surori da asuba. Wani attajiri mai shago ya tare shi ya ce limancin nan ya yi gaggawa. Kawu ya ce masa, "Alhaji, kai shagonka na da ƙyaure da kwaɗo. Gonakin bayin Allah ga ba su da ƙyaure, tsuntsu kuwa ba ya jiran a yi tahiya. Ka bari rani ya yi, in ja maka Baƙara har sai ka nemi sanda." Baba mahauci ya rantse da rani ya zo sai da aka ja ta, attajirin bai sake kawo ƙara ba.

Mun sauka Madani rana ta take. Muka shiga wata gahawa, wato shagon shayi da abinci, a bakin tasha, aka kawo mana wake ful da man riɗi da gurasa, da shayi mai zaƙin da cokali zai iya tsayawa a ciki. Inna ta ci loma biyu ta ture. Aka ba ta kisra, gurasar dawan nan marar kauri, da miyar busasshiyar kuɓewa, ta ɗaga fallen kisrar ta hango ni ta cikinsa ta ce wannan ba abinci ba ne, mayafi ne. Shekarunta nawa a ƙasar nan, amma kullum sai ta yi wa kisra wannan gorin. Kasuwar Madani ta cika ta batse, ga atamfa ga rediyo ga keke, komai kuma ya fi na Managil tsada, ban da tumatir da ake neman wanda zai kwashe.

Da yamma wani lorin ya ajiye mu a Wad Haddad, inda muka kwana wurin dangi. A nan su Inna suka fara zama, a nan Kawu ya fara limanci, a nan kuma kakata ta rasu. Kafin mu wanke ƙafa gida ya cika. Na ɗauka koke-koke za a yi, ashe hira ce. Wannan ya ce Kawu ne ya ɗaura masa aure, wancan ya ce shi ya raɗa masa suna, ya kuma raɗa wa ɗansa. Wata tsohuwa ta ce ta taɓa yin yaji ta biyo ta ƙofar masallaci da ƙunshin kayanta, Kawu bai ce mata ta koma ba, sai ya ce ta taimaka ta riƙe masa akuyarsa ya je ya dawo. Ta riƙe akuya tun hantsi har azahar, fushi ya huce, ga mijin nan Kawu ya taso shi a gaba. Aka yi tuwon dawa da miyar yakuwa, aka ci ana dariya, ana cewa Allah ya jiƙan Malam.

Inna ta yi dariyar ita ma, amma da gari ya waye, muna jiran lori, ta jawo hannun rigata ta ce in nuna mata wajen da maƙabartar garin take. Na nuna mata can bayan hanyar jirgi, inda wasu 'yan ƙayoyi suka yi duhu. Ta daɗe tana kallo. Ta ce ranar da aka fita da uwarta ta biyo makara a guje har ƙofar gida, Kawu ya tsaya a bakin zaure ya ware hannuwa biyu, shi ma hawaye na zuba a gemunsa, ya ce ta koma. Ta koma, don ba ta taɓa ƙetare maganarsa ba. Ta ce, "Ran nan na bi tashi. Yanzu kuwa ba ya da hannun da zai tare ni." Ni dai sai na je na sayo mata goro.

Daga Sinnar muka koma jirgin ƙasa. Kafin ya zo muka ci soyayyen kifi a gindin madatsar ruwa, wurin wasu masunta da muka ji suna zagin junansu da Hausa tsantsa, suka kuwa ƙi karɓar ko sisinmu da suka ji inda za mu. Jirgin nan na Damazin, Allah ya ba shi lafiya, ba ya gaggawar komai. Yana tsayawa inda akwai tasha, yana tsayawa inda babu. Akwai wurin da Baba mahauci ya sauka ya yi alwala ya yi salla ya gaisa da wani makiyayi, ya dawo ya tarar ba a motsa ba. A Sinja mata suka kewaye tagogi da ayaba da gwaiba da lemo, arha kamar a gonar ubanka, na saya har na rasa inda zan sa ƙafa.

Daga nan ƙasa ta sauya. Mu da muka saba da filin Jazira, sai ga itatuwa, sai ga tuddai, sai ga gonakin dawa da riɗi waɗanda ba ka ganin ƙarshensu, injin noma na ta kaiwa da komowa a ciki. Fulani da jajayen shanu masu dogon ƙaho suna gangarawa kudu. Da muka wuce wata ƙatuwar kuka, Inna ta leƙa ta taga ta ce, "Sannu, 'yar garinmu!" Duk wanda ke jin Hausa a taragon ya fashe da dariya, Larabawan suka tambaya aka fassara musu, su ma suka dara, wani ya miƙo mata dabino.

Damazin sabon gari ne fil, madatsar Rusairis ce ta haife shi. Tituna a miƙe, gidajen ma'aikata a jere iri ɗaya, ga wutar lantarki har a shagon mai aski. Tsada kuwa sai ka riƙe baki, don garin masu albashi ne, mai albasa ma da ganin ka sai ya ɗauka ƙarshen wata ne. Ba mu daɗe ba muka sami wani mai tarakta da zai bi ta ƙauyen Kawu, ya ɗora mu a kan tirela tare da buhunan gishiri. Ta girgiza mu son ranta a cikin daji, har Baba mahauci ya ce albasa ta fi mutunci.

La'asar sakaliya muka shiga garin. Ɗakunan ciyawa ne da dangar kara a kan tudu, kogi na sheƙi a ƙasa, kifi shanye a kan igiya ko'ina. Tun zamanin aikin madatsa Kawu ya biyo leburorin Hausawa nan don ba su da mai ja musu salla, da aiki ya ƙare suka zauna noma da su, shi ma ya zauna. Kafin mu sauka labari ya zaga cewa ƙanwar Malam ta zo. Maza suka fito suna ɗaga hannu ana Fatiha, wasu na cewa "Albaraka fikum" irin ta Larabawa, wasu na cewa "Ya haƙuri." Mata suka yanyame Inna suka yi cikin gida da ita. Matar Kawu, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai ido kamar na yarinya, ba ta daɗe da fita takaba ba. Ta rungume Inna suka yi kukansu a hankali, can kuma sai na jiyo Inna na cewa, "Ke matar tamu, haka kika rame? Da ma Yaya ke ci da ke ko ke ke ci da shi?" Aka kwashe da dariya.

Ba a ko sha ruwa an huta ba Inna ta aika a kira mata sabon liman. Almajirin Kawu ne da ya daɗe yana yi masa na'ibi, mutum mai sanyin murya, ba ya haɗa ido da babba. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta. Ta faɗa masa abin da ya kawo ta ba kwana-kwana. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki gafarce ni. Duk abin da kika nema a garin nan naki ne. Amma Malam bai taɓa barin mace ta shiga wurin ba, bai kuwa bar mana izini ba. Ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba, ba ni zan fara karya maganarsa a kansa ba."

Tabɗi! Ranar na ji abin da ban taɓa ji daga bakin Inna ba. Ta ce ta goyi wanda ya fi shi gemu. Ta ce tun ba a haifi ubansa ba take wanke wa Malam allo. Ta ce ta hau albasa, alhali ni na hau, ta ci mayafi a Madani, ta sha jijjiga a kan gishiri, ba don ta zo ta kalli danga ba. Bawan Allah nan bai ce uffan ba sai "Allah ya huci zuciyarki, Inna." Ni ma raina ya ɓaci, na rasa da wa zan yi fushin, da Inna, da liman, ko da Kawu da ya tafi ya bar mu da rigima. Da limamin ya fita Inna ta juya fuska bango, aka kawo tuwo da kifi ta ƙi ko kallonsa. Wallahi tausayinta ya kama ni, don na san shekarunta ba za su sake ba ta wannan tafiyar ba.

Matar Kawu ba ta sa baki ba sai da kowa ya watse. Ta zauna a bakin gadon ta ce, "Gobe da hantsi ki raka mu rafi ɗibar ruwa." Inna ta juyo a fusace ta ce, "Ni? Baƙuwa, da furfurata? Rabona da tulu tun kafin in aurar da ɗan nan nawa." Matar Kawu ta ce, "Ƙarami za a ba ki." Sannan ta fito ta same ni a tsakar gida ta ce idan maza sun kai ni ziyara gobe, in tsaya daidai wajen kan kabarin Malam, kada in zauna, kada in matsa. Na ce to, a raina ina cewa tsufa ya fara taɓa baiwar Allah.

Da hantsi liman ya ja mu, ni da Baba mahauci da wasu dattawa, zuwa maƙabarta. Tana bayan gari a kan wani tudu, an kewaye ta da shingen ƙaya da bai wuce ƙugu ba. Kabarin Kawu na can gefe, taku kaɗan daga shingen, tudun ƙasa ne kawai da fasasshen tulu a wajen kai, babu abin da ya bambanta shi da na kowa. Muka yi sallama muka yi addu'a. Baba mahauci da ya yi kwanaki yana ba mu dariya, nan ya tsuguna ya rufe fuska da hula. Ni kuwa na tsaya a wajen kai kamar yadda aka ce mini. A nan na lura da wata 'yar hanya a bayan shingen, sabuwa ce amma ta sha ƙafa har ta yi fari.

Can sai ga mata sun ɓullo daga wajen kogi a jere, kowace da garwa ko tulu a ka, ruwa na tsiyaya a kafaɗunsu. Ta gaba ta iso daidai mu ta rage tafiya, ba ta dube mu ba, ta ce, "Salamu alaikum, Malam. Daga rafi muke, wucewa za mu yi." Ta bayanta ta ce, "Malam, an kwana lafiya? Allah ya kai haske. Wucewa ce." Wata ta ce, "Malam, yaron nan ya sami sauƙi, ya ci tuwo jiya. Na wuce." Haka suka yi ta bi ɗaya bayan ɗaya, ba kuka ba ihu, kowace ta ajiye 'yar maganarta ta yi gaba.

Na waiwayi liman. Ya duƙufa a kan carbinsa kamar yau ya fara ganinsa. Na matsa masa da ido, sai ya yi ƙasa da murya ya ce, "Hanyar rafi ta asali tana can gabas, miƙaƙƙiya. Tun da aka rufe Malam suka ce wai santsi gare ta." Na ce, "Santsi da rani?" Ya ce, "Haka suka ce. Wannan ta ninka waccan nisa, ga hawan tudu da kaya a ka. Amma Malam shiga ya hana. Ban taɓa jin ya hana mace ɗibar ruwa ba." Dattawan da ke wurin kowa ya sami abin kallo a sama.

A ƙarshen layin sai ga matar Kawu, a bayanta Inna, da wani ɗan tulu a ka, ta riƙe shi da hannu biyu, tana haki, zanenta ya jiƙe sharkaf. Ta ɗago ta gan ni tsaye, ta dubi ƙasan ƙafata, ta gane. Ta tsaya cak. Matan da suka yi gaba duk suka tsaya da kayansu a ka. Na ce a raina yanzu za ta kurma ihu ta afka cikin ƙaya.

Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon tudun ƙasar nan, sannan ta ce, "Salamu alaikum, Yaya. Ni ce. Kada ka tashi da hwaɗa, ba wurinka na zo ba, ruwa na zo ɗiba. Dubi ƙahwata, tana waje." Wata daga cikin matan ta ƙyalƙyale, ta toshe baki. Inna ta ci gaba, "Ashe nan ka kwanta. To, wuri ya yi kyau, ga iska ga kogi. Kai da ka ce kana zuwa da kaka, ka ga ni na riga ka cika alkawari. Dawa ta yi kyau bana. Jikanyarka ta haihu, namiji, mun sa mishi sunanka, da ci kamar kai. Abokinka ga shi nan ya ishe mu da surutu tun daga Managil." Baba mahauci ya ɗago da jajayen idanu ya ce, "Malam, ƙarya take yi mini." Wannan karon har liman sai da kafaɗarsa ta motsa.

Sai muryarta ta yi ƙasa. Ta ce, "In Allah ya haɗa ka da Innarmu, ka gaya mata na biyo ta ran nan, kai ka tare ƙofa. Na yahe maka, kai ma ka yahe mini. Allah ya jiƙanka, Yaya. Ka riƙe ni da kyau." Hawaye na bin kuncinta, amma fuskar a sake take, rabon da in ga haka tun kafin damina.

Ta ɗaga ido ta harare ni ta ce, "Kai kuma ka tsaya kana kallona, ruwan ga ya yi mini nauyi. Zo ka rage mini." Na miƙa hannu ta saman shingen na karɓi tulun. Na dubi liman. Ya ce, "Ai ba a hana rage wa tsohuwa kaya ba." Na tsiyaye ruwan a kan kabarin Kawu tun daga kai har ƙafa, ƙasa ta shanye tana ƙamshi, na mayar mata da tulun ba ko ɗigo. Liman ya ɗaga hannu, mu a ciki, mata a waje da garewani a ka, aka shafa Fatiha tare. Inna ta ce, "To, Yaya, na wuce," ta bi bayan matar tasa suka gangara.

Kwanakin da muka ƙara a garin biki ne kawai ba a kira shi biki ba. Inna ta cinye tuwo ta nemi ƙari. Ta aika aka kira liman ta ba shi goro da rabin gyaɗar da muka kawo, ta ce Yaya ya iya zaɓen magaji, sai dai ya riƙa ɗaga murya in yana magana da manya. Kullum hantsi kuwa tana cikin layin masu ɗibar ruwa, har matar Kawu ta ce randunan gidan sun cika, a bar wa kifi saura. Mun yi mun yi da matar Kawu ta biyo mu Managil ta zauna, ta ce ina, wa zai riƙa gaya wa Malam labarin gari?

A dawowa jirgin bai ƙara sauri ba, amma ban ji nisan ba. Inna ta cika taragon da buhun kuka da busasshen kifi, ta yi ciniki da kowace mai talla daga Damazin har Sinnar, ta karɓe hirar Kawu daga bakin Baba mahauci tana gyara masa inda ya yi ƙari. A Madani ta ci kisra fallaye uku, babu gorin mayafi. Mun iso gida auduga ta fara fari, yara suka taryo mu tun daga bakin tur'a.

Abin da na koyo a tafiyar nan, ni da na tafi ina fargabar ko dai a karya maganar Kawu ko a karya zuciyar Inna, shi ne matan ƙauyen nan sun fi ni sanin mutumin. Sun riƙe dokarsa ba su taka ta ba, sun kuma ƙi yarda ya kwana shi kaɗai a bayan gari ba mai ce masa sannu. Kawu da ya yi shekaru yana jan maza salla, ban san ya bar jama'a haka a bayan danga ba sai da na gani.

Washegarin dawowarmu, mata sun cika ɗakin Inna ana yi mata barka da hanya, ta ƙwala mini kira a gabansu. Ta ce, "Ku zama shaida. Ran da tawa ta zo, kada ka kai ni can tsakiya inda ba mai wucewa. Ka sa ni gefe, kusa da shinge, ta wajen da mata ka bi zuwa tur'a." Na ce, "Haba Inna, Allah ya ƙara nisan kwana." Ta ce, "Amin. Amma dai gefe."